Magen Baba Ta Daina Cin Abinci

Baba ne ya fara ƙin abincin rana, sai magensa ma ta bi sahu. Babbar 'yarsa, wadda kowa a gidan ke kira Yaya, hankalinta ya tashi. Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ke kula da tsohon nan, ga shi yanzu loma biyu zai yi ya ture kwano, wai ya ƙoshi. Ya ƙoshi da me, fisabilillahi? Tsoro ya kama ta sosai, ta ɗauka wata cuta yake ɓoye mata.

Abin da ya ɗaure mata kai, babu wanda ya rame a cikinsu. Magen har tumbi ta ajiye, tana tafe tana rangaji kamar matar attajiri. Yaya ta kuma lura kullum da hantsi Baba zai ce bari ya je ya miƙe ƙafa, da ya fita kuma sai magen ta haure katanga.

To, bin sawun uba rashin kunya ne, amma wa ya hana bin mage? Yaya ta ja mayafi ta bi ta. Magen ta ratsa bayan shagon mai gyaran babur, ta tsallake kwata, ta faɗa shagon wata tela, dattijuwar da mijinta ya daɗe da rasuwa.

Yaya ta leƙa. Ga Baba a kan benci, ya tuɓe hula, kwano a cinya, yana ta zuba loma yana zuba labari. Telar kuwa dariya ta hana ta taka keken ɗinki. Magen ma an ajiye mata nata ɗan kwanon.

"Baba!"

Tsoho ya ƙware. Da ya samu numfashi ya ce, "Af, ke ce? Wannan mara kunyar na biyo, kullum sai ta zo ta dami baiwar Allah."

"Kai fa kake fara fita, Baba."

"Shigo, 'yata," in ji telar. "Kada ya yi wa mage sharri, shi ya koya mata hanya."

Yaya ta yi dariya har da hawaye, daɗi ya cika mata zuciya. Ashe lafiyarsa lau, abokin hira kawai yake nema.

Washegari da hantsi ta ɗaure babban kwano a tsumma ta miƙa masa.

"Kai mata, Baba. Ka ce in ji 'yarta, yau ta huta da girki."

Baba ya karɓa, ya kasa haɗa ido da ita, yana ta murmushi.