Gurbin Motar Marigayi

Tun rasuwar mijinta motarsa ke ajiye a gurbinta. Tomiko ba ta iya tuƙi ba, amma kullum sai ta goge ta. A unguwarsu da ke birnin Osaka kuwa guraben ajiye mota sun cika, kuma ba a ba wa marar gurbi izinin mallakar mota.

Wata safiya tana cikin gogewa, maƙwabcinta Noboru ya wuce goye da 'yarsa mai ciwon ƙafa, yana haki, za su asibiti.

Da yamma ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. "Gobe za a ɗauke motar. Gurbin ya zama naka, ka je ka nemi izinin mallakar mota."

"Mama, ai ta maigidanki ce."

"Shi ya gama tafiye-tafiyensa, ɗana," ta ce, ta juya kafin ya ga hawayenta.