Shafukan da Baba Ya Bari a Buɗe

A intanet Malam Danna-nan ake ce masa, don ba ya gama bidiyo bai ce "danna nan, sai ka danna nan" ba. A gida kuwa Auta ne, duk da gemunsa ya fara furfura. Ɗan shagon gyaran waya gare shi, wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. In ba kwastoma, sai ya jingina wayarsa jikin gwangwanin sukurori ya koya wa duniya dabara: yadda ake gane shafin 'yan damfara, da dalilin da ya sa ranar haihuwarka ba kalmar sirri ba ce. Kuma ba ya koyarwa sai da ba'a. Bakin nan nasa, Allah ya yi masa baiwa, Allah kuma ya shirye shi.

Wata safiya Umma ta biyo ta shagon a hanyarta ta zuwa asibiti duba gwiwa. Ta ciro waya daga jaka ta ajiye a kan teburinsa. Wayar marigayi mahaifinsa ce. Tun da ya rasu bara ta jefa tata a durowa ta koma riƙe wannan.

"Auta, ba ta riƙe caji. Ka duba min kafin in dawo."

Canza batir ba wani aiki ba ne. Da ya gama ya shiga burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, don ya gwada, sai ya kwashe da dariya shi kaɗai. Shafukan da ke buɗe sun yi yawan da burauzar ta gaji da ƙirge, ta daina nuna lamba, sai wata 'yar fuskar murmushi. Ai kuwa abin nema ya samu. Nan take ya saita wayarsa ya fara ɗaukar bidiyon allon wayar Umma.

"Jama'a, ga wayar tsohuwata. Matar da in ka bar ƙofar firij a buɗe ka shiga uku, ita ce ta bar ƙofofin intanet duka a wangale! To ku duba. Danna nan, sai ka ture." Ya dinga ture shafukan ɗaya bayan ɗaya da sauri yana waƙa, ko kallonsu ba ya yi. "Sannan ka danna nan, ka share tarihi kaf. Waya ta sha iska."

Kafin azahar bidiyon ya zaga. Wannan ya ce wallahi irin ta mamarsa ce sak, wancan ya ce a kai masa kakarsa. Auta sai washe baki yake.

Umma ta dawo tana ɗingishi, ta zauna a kan kujerar roba, ta karɓi wayar. Yatsanta ya tafi kai tsaye inda ya saba. Ta tarar da fari fat.

"Ina suke?"

"Na share miki, Umma. Yanzu za ki ga gudu."

"Ni na ce maka ina sauri?"

Ya buɗe baki zai yi wasa, sai ya ga fuskarta.

"Ba ni na buɗe su ba, Auta. Ni ina na iya? Babanku ne. Yadda ya bar su haka nake bin su kowace safiya, in na sha shayi. Ina ganin abin da ke ransa."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da wayar jaka, ta dafa gwiwa ta miƙe ta fita. Da mari ta kwaɗa masa da ya fi masa sauƙi.

Ya san babu abin yi, shi da ke koya wa mutane. Dabarar dawo da shafin da aka rufe tana aiki ne in tarihi na nan, tarihin kuwa shi ya share da hannunsa, yana waƙa. Baba kuma bai taɓa yarda ya buɗe asusun da zai adana masa shafukan a burauza ba, cewa yake ba ya son a san inda ya kwana. Auta ya zauna cikin ƙaurin dalma, kunya da baƙin ciki suka cika masa ciki. Ya kira yayarsa.

"Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi," in ji ta. "Ba kai ne kullum kake cewa kar a taɓa wayar mutum sai an tambaye shi ba? Ni ma na kalla har na yi dariya, Allah ya yafe min. Sai da na ga shafin lemon nan na Baba ya gifta gabana ya faɗi."

"Yaya, kin ce kin ga me?"

"Shafin lemo. Ya wuce fiit, amma na gane shi."

Bai ko yi mata sallama ba. Bidiyon! Duk shafin da ya ture sai da ya bayyana a allo kafin ya ɓace. Ya fara cire shi daga intanet, sannan ya buɗe na wayarsa ya rage masa gudu har ya koma kamar tafiyar hawainiya.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya je gida ya durƙusa ya roƙi wayar, Umma ta miƙa masa ba ta dube shi ba. A kan tabarmar falo ya zauna, yana tsayar da bidiyo, ya karanta kan shafi, ya nemo shi, ya buɗe, ya bar shi a buɗe. Yadda ake shuka lemon tsami a bokiti. Motsa jiki don ciwon gwiwar mata masu shekaru. Sakamakon ƙwallo. Gyaran famfo mai ɗiga, famfon da har yanzu yana jin ɗigarsa daga kicin. Wasu shafukan sun mutu, ko an nemo su babu komai, waɗannan kam sun tafi ke nan.

Can wajen ƙarshe ya tsayar da bidiyon, sai ya ga tasa fuskar. Wani tsohon bidiyonsa ne, wanda yake kwaikwayon yadda tsofaffi ke rubutu da yatsa ɗaya, tabarau a kan hanci, harshe a waje. Baba yake kwaikwaya, kowa a gidan ya sani. Baban da ke cewa, "Mutum da sana'arsa ya tsaya yana yi wa waya surutu."

Ya buɗe shi, ya kai wa Umma wayar a ɗaki. Ta sa tabarau ta bi su a hankali.

"Ba haka suke jere ba. Na gwiwa yana gaban na lemo."

"Zan gyara, Umma."

Ta ci gaba har ta iso kan fuskarsa, ta tsaya.

"Wannan kullum sai ya kalla. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce yaron nan ɗan banza ne, wallahi haka nake yi. Ya ce kar in gaya maka, kanka zai kumbura."

Auta, mai bakin da ba ya mutuwa, ya sunkuyar da kai. Hawaye kawai yake sharewa da bayan hannu.

Umma ta matsa gefe a bakin gadon ta miƙo masa wayar. "Zauna. Ni ban taɓa iya kunna shi ba, hoton kawai nake kallo. Ina ake dannawa?"