Wayar Bakin Bara'atu

"Ba yau ba," in ji Lailatu, ta tare ƙofar ɗaki da jikinta. "Mero, wa ya aike ki?"

Mero ta tsaya a tsakar gida, Likita Hafsat mai aikin haƙori na bayanta riƙe da jaka. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Mero da na Lailatu a Kambarawa, shekara ashirin suna miƙa wa juna gishiri ta samanta. Sai dai kowa a layin ya san aikin ladan Mero: in mace ta rasu, ita ake kira ta yi wanka.

"Wata uku ya rage a cire wayar nan," Lailatu ta ce. "Ko ba haka kika ce ba, Likita? A bari Bara'atu ta warke, ta taka da ƙafarta zuwa asibiti, a cire mata."

Likitar ta sunkuyar da kai.

Bara'atu ita kaɗai Allah ya ba Lailatu. Malamar firamare ce. Haƙoranta na gaba sun turo waje har leɓe ba ya rufuwa, 'yan aji na kiranta Malama Zomo a bayan ido, shi ya sa ta je aka ɗaure mata su da waya shekara biyu da suka wuce. Sai ciwon ƙoda ya zo da damina. Aka yi ta wankin ƙoda har jiki ya ƙi ɗauka, suka dawo gida.

Shekaranjiya, da uwar ta zagaya bayi, Bara'atu ta kama hannun Mero ta ce, "Inna Mero, ke za ki yi mini wanka ko? Kar ki kai ni da ƙarfe a baki."

Mero ta sha zare zobe da ɗankunne a jikin mamata, ta sha warware kitso, amma ba ta taɓa gamuwa da ƙarfe manne a haƙori ba. Ta aika aka tambayi Malam Almu liman, ya ce abin da sai an wahalar da gawa kafin ya fita, a bar shi. Ke nan in za a cire, sai da ranta. Mero ta san zuwa da likita yau tamkar gaya wa uwa ne abin da ba ta shirya ji ba. Duk da haka ta hau keke napep ta ɗauko ta.

"Inna," murya ta fito daga ɗaki, siririya. "Ni na aike ta. Bar su su shigo."

Lailatu ta dubi Mero, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta kauce.

Mero ta tallabe kan Bara'atu a cinyarta. Likitar ta sa 'yar filayarta, ƙas, ƙas, ƙananan ƙarafan na faɗawa cikin faranti ɗaya bayan ɗaya. Bara'atu na hutawa tsakani, ƙafafunta a kumbure kamar tulu.

"Likita, kin cuce ni," ta ce tana haki. "Shekara biyu kin hana ni rake da goriba. Yanzu ga haƙora, babu ci."

"Ai ke zan fara saya wa rake, Malama," likitar ta ce, idonta ya kawo ruwa.

Da ta gama gogewa, ta ciro wani farin abu daga jaka, siffar haƙoran Bara'atu da aka zuba tun ranar farko. Ta kara shi kusa da bakin tana dubawa. Ta ce ta cije. Na sama sun koma ciki, sun zauna kan na ƙasa daidai, ɗaya ne kawai a gefe bai gama juyowa ba.

"Aiki ya yi kyau," ta ce a hankali.

Aka miƙo madubi. Bara'atu ta yi murmushi, ta rufe baki, ta sake buɗewa.

"Inna Mero, kin gani? Da kanshi yake rufuwa."

Lailatu ta matso ta leƙa. Fuskarta ta canza.

"Ina wushiryar?"

"Ta haɗe, Hajiya. Haka aikin yake."

"Ta ubanta ce. Ita kaɗai ya bar ma ɗiyar nan."

Bara'atu ta sauke madubin a ƙirjinta.

"Inna, babu kyau?"

Lailatu ta sa gefen zani ta share wa ɗiyarta baki.

"Da kyau," ta ce. "Wallahi da kyau."

Ranar Alhamis bayan azahar Bara'atu ta cika. Mero ta yi wankan da hannunta, ba ta ko taɓa leɓen ba, a rufe yake. Kafin la'asar ta yi sanyi maza sun dawo daga maƙabarta. Duk ranar Lailatu ba ta ce wa Mero uffan ba.

Ran sadakar uku, da mata suka watse, Mero ta leƙa ɗakin. Lailatu na zaune a tabarma da farin abin nan da likita ta bari, siffar tsofaffin haƙoran da suka turo, farcen babban yatsanta cikin wushiryar. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ɗan gusa gefe, ta bar wa Mero wurin zama.