Kwano Ya Dawo Fes

"Wane ƙazamin ne yake zuba abinci ta taga?" Na leƙa kaina daga kicin, na ɗaga murya yadda duk benen zai ji. Ba wanda ya tanka. A ɗan lungun da ke tsakanin bangonmu da na maƙwabta, shinkafa ce ta taru ta yi tsibi, ta yi baƙi, tsutsa na ta motsi a ciki, ga kuliyoyi uku sun kewaye ta. Warin kuwa ko takunkumi biyu ka sa sai ya same ka. Na ja tsaki, na rufe taga.

Sati na bakwai ke nan da aka kulle gari saboda annoba. Ni tela ce, a falona nake ɗinki, kuma a lokacin ba abin da nake ɗinkawa sai takunkumi. Ƙofata na kallon ta Baba Mai Rediyo, taku huɗu ne tsakani.

Baba ya haura tamanin. Gyaran rediyo ya yi har idonsa ya gaza. Kafin kulle, a kan benci yake wuni a gindin matakala, da cokali biyu a aljihun gaba. In an kawo masa abinci, duk wanda ya zo wucewa, ko mai shara ne, sai ya zaro ɗaya ya miƙa masa. "Zauna, ko loma uku ne." Ban san sau nawa na ƙona girki saboda loma ukun nan ba.

Ranar da aka sa doka, babban ɗansa, wanda muke kira Injiniya, ya zo da kwaɗo. Ƙofar Baba biyu ce, ta katako a ciki, ta ƙarfe mai sanduna a waje. Ya datse ta ƙarfen, ya jefa makullin a aljihu. "Na san halinsa," ya ce da ni. "In ba haka ba, gobe za ki gan shi a benci." Shi yana da takardar fita saboda aikinsa. Sau biyu a rana yake zuwa da safar hannu, ya feshe ledar abincin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya tura kwano ta ƙarƙashin sanduna, ya ƙwanƙwasa, ya koma tsakiyar matakala.

"Baba, ka ci na ɗazu?"

"Na ci, Allah Ya yi albarka."

Kwanon ɗazu yana nan a wanke. Sai Injiniya ya ɗauki hotonsa ya tura wa ƙannensa. Shi ke nan, wai an duba tsoho.

Washegarin ranar da na yi faɗa, na laɓe a jikin labule bayan azahar, na rantse sai na kama ƙazamin nan na ci mutuncinsa. Tagar da ta buɗe ta Baba ce. Hannu ya fito, siriri kamar sandar tsintsiya, agogo ya zame har gwiwar hannu. Ya kife kwanon, ya koma.

Na fita ko takalmi ban sa ba.

"Baba! Baba, ni ce."

Ya daɗe kafin ya buɗe ta katakon. Innalillahi! Ido ya faɗa, leɓe ya bushe ya tsattsage, wando ya ɗaure shi da wayar rediyo don kada ya zube. Mutumin da ke hawa bene uku yana waƙa, yanzu sai ya riƙe sanduna yake iya tsayawa. Wani wari ya biyo shi daga ɗakin, na fitsari da rufaffiyar taga.

"'Yata, ke ce? Kin yi ƙiba."

"Baba, me ya sa kake zubarwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba ya wucewa. In na sa a baki ni kaɗai, sai ya tsaya a nan." Ya taɓa maƙogwaro. "Kada ki faɗa wa yaron nan. Matarsa na shan wahalar girki, shi ya sa nake wankewa da kyau."

Na koma na zubo nawa abincin, na ɗauko kujerar ɗinki, na dasa ta a bakin ƙofata. "To, ni ma ban ci ba. Zauna, ko loma uku ne."

Ya yi dariya har da tari. Ya zauna a ƙasa ta bayan sanduna, ni ina nan, shi yana can, ya yi loma bakwai, ina ƙirgawa. Kashegari ya ci rabin kwano, ya sha ruwa kofi biyu, ya ba ni labarin wani da ya kawo rediyo gyara ashe batir ne aka sa a juye. A rana ta uku ya turo min cokalinsa na biyu ta ƙasa.

A rana ta huɗu Injiniya ya iske mu.

"Malama, mene ne haka? Kashe min uba za ki yi?"

"Injiniya, dubi babanka. Don Allah matso ka dube shi. Ba ya cin abinci, zubarwa yake yi."

Bai matso ba. Waya ya zaro ya riƙa murza min hotuna daga inda yake tsaye. "Ga na Litinin, ga na Talata. Kwano na dawowa fes. Ke da mutane ke shigo miki karɓar ɗinki, kin san abin da kike ɗauke da shi?" Ya ɗaga murya. "Baba, ba ka ci ne?"

"Ina ci."

"Kin ji ko? In na sake ganinki a nan, hukuma zan kira. In kuma wani abu ya same shi, ke ce."

Wannan "ke ce" ita ta karya ni. Na ɗauke kujerata na shige. Tir da ni, wallahi, har yau in na tuna sai in ji ƙyamar kaina. Kullum da rana ina jin Baba ya buɗe ta katako, ya ɗan jima, ya rufe. Ni kuma sai in ƙara taka keken ɗinki don kada in ji. Kuliyoyi suka dawo lungu.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, Injiniya ya ƙwanƙwasa, shiru. Kwanon jiya na nan inda ya tura shi, da murfinsa. Ya yi ta laluben aljihu, ashe makullin na cikin mota, sai da ya sauka ya hawo. Ta katakon a kulle take ta ciki, kafaɗa ya sa mata. Na fito na bi bayansa.

A ƙasa muka same shi, tsakanin gado da banɗaki, ƙugu ya karye, harshe ya bushe, da sauran numfashi. Da masu motar asibiti suka zo, mutum ɗaya ne ya ɗaga shi, bai ko yi nishi ba. Ba a bar kowa ya bi shi ba. Ya kwana biyu a can ya cika, ba fuskar da ya sani ko ɗaya a kansa.

Da Injiniya ya zo kwashe kaya, na fito na yi masa gaisuwa daga bakin ƙofa.

"Likita ya ce rashin ruwa ne da rashin abinci, ƙoda ta tsaya," ya ce, yana ɗaure bakin leda. "Amma an yi gwaji sau biyu. Alhamdulillahi, cutar dai ba ta kama shi ba. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

Na dube shi, na ji yawu ya taru a bakina. Na haɗiye, don ni ma da nawa laifin.

Ya fito da rediyoyi a kwali, ya fito da katifa ya jingine ta a bango, ƙuda na binta. Ya feshe hannun ƙofa da magani, ya mayar da kwaɗon, duk da ba kowa a ciki. Ya sauka.

Da azahar na zuba abinci na zauna a kicin. Na ja aljihun tebur, sai ga cokalin Baba a cikin nawa, ƙarami, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya. Na ajiye shi kusa da faranti. A lungu, kuliya ɗaya ce ta rage, tana zaune ta ɗaga kai tana kallon tagarsa.