Gonar Mani a Majigi

Saura kwana ashirin a yanke gero, wani Bature ya sauka ƙauyen su Mani, kusa da Bagwai, shi da tafintansa Malam Khalilu. Wurin ɗaukar majigi suke nema, wanda za a nuna wa talakawa amfanin takin Bature.

Kwana uku suna zaga gonaki. Bature ya riƙa haɗa yatsu yana leƙe ta tsakaninsu, sai ka ce ido biyun da Allah ya ba shi ba su isa ba. Da ya zo gonar Mani ya tsaya cak. Dole ya tsaya. Shekara talatin Mani yana jidar kashin awaki da toka a kan jaki yana zubawa a wurin nan.

Khalilu ya ce, "Baba, ka yi sa'a. Gonarka za a nuna har Zariya."

"Madalla. A ina zan tsaya?"

Khalilu ya sosa ƙeya. "Basiru ne zai tsaya a nan, da buhun taki. Shi ne manomi mai wayo. Bature ya ce fuskarsa ta fi fara'a."

Basiru maƙwabcinsa ne, wanda ciyawa ta fi shi sanin hanyar gonarsa.

"Ni fa?"

"Kai za ka tsaya a gonar Basiru. Tsohon da ya ƙi jin magana."

Mani ya ce, "To. Gerona ya zama na buhu, ni kuma na gaji ciyawar Basiru. Lallai Bature ya iya rabo."

"Wasa ne, Baba."

"Mutanen Shanono sun san wasa ne? Can na aurar da 'yata."

"Dagaci ya riga ya amsa. Ran Laraba ta sama za mu dawo."

Ran Litinin Mani ya kira 'ya'yansa, suka kwantar da geron nan kaf, bai gama ƙosawa ba. Ya san abin da zai rasa a rumbu. Ya yanka.

Laraba mota ta zo da kaya. Basiru ya sha sabuwar riga, ya rungumi buhu. Gona fayau, sai kara a kwance.

Khalilu ya riƙe baki. "Baba, me ka yi?"

Mani ya nuna gonar Basiru da sanda.

"Ga tasa can, ba wanda ya taɓa ta. Ku zuba mata buhun, ku jira."