Kaza a Gindin Dutse

Kwanon tuwon acca ya fito daga ɗakin Malam Gwadabe kamar yadda ya shiga, ko yatsa bai taɓa shi ba. Tun da likita ya ce ciwon suga ne, ya hana shi shinkafa da burodi, ya ce ya koma acca ya riƙa tafiya da ƙafa, tsohon telan ya ɗaure fuska ya daina cin komai sai ruwan shayi. Wandonsa har ya fara zamewa, shi da ya yi shekaru yana rage wa mutanen unguwar Ali Kazaure a Jos ƙugun wando.

"Abincin tsuntsaye," in ji shi. "Ku ba kurciya."

Ɗansa Badruddeen ya tsaya a ƙofa yana kallon kwanon. Tun da ya bar makaranta ya kama tuƙin keke Napep, Baba bai taɓa shiga kekensa ba, Sarkin Yawo ma yake kiransa. Yawon kuwa ya yi shi. Ya san mai masar da ke bayan masallaci a unguwar Dutse Uku, ya san hanyoyin ƙafa da ke ratsa duwatsu, inda ba a jin komai sai iska.

"Baba, taso in kai ka wani wuri."

"Asibiti?"

"Ya fi asibiti daɗi."

Wataƙila yunwa ce ta karya masa gardama. Ya shiga keken, ya zauna yana hararar yagaggiyar kujerar da soso ya leƙo ta cikinta.

Da suka wuce unguwar Jos Jarawa, Baba ya riƙe ƙarfen keken. Rabonsa da wannan ɓangaren gari tun lokacin rikici.

"Badaru, ka san inda kake kai mu kuwa?"

"Kullum ina nan, Baba."

A gindin wani dutse, kusa da gonar dankalin Turawa, akwai rumfar kwano. Mama Dina, mai rumfar, tana juya tukunyar gwaten acca, ƙamshin yakuwa da gauta ya cika wurin.

"Oga Badaru! Wannan ne Baban da ya ƙi abinci? Sannu, Baba. Ka rame kamar allurarka."

Baba ya amsa gaisuwa, amma ya ƙi zama. Idonsa na kan tukunyar romo da ke gefe. Badruddeen ya gane: Baba ba zai ci naman da bai san wanda ya yanka ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. In ya juya yau, ba zai sake fitowa ba.

Mama Dina ta dubi Baba, ta ajiye ludayi, ta zaga baya. Sai ga ta da jar kaza a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan.

"Baba, yanka mana. Da can, ko ranar Kirsimeti, babana ba ya taɓa wuƙa. Maƙwabcinmu Musulmi yake kira, don kowa ya ci."

Baba ya daɗe yana kallon wuƙar. Sannan ya naɗe hannun riga, ya gwada kaifinta da babban yatsa.

"Wannan ko albasa ba za ta yanka ba. Kawo dutse."

Ya wasa ta da kansa, ya fuskanci gabas, ya yi bismillah.

"Kafin ta nuna, ku hau dutsen ku sauko," in ji Mama Dina. "Ba na sayar wa wanda bai yi gumi ba."

Badruddeen ya shige gaba ta wata siririyar hanya tsakanin manyan duwatsu. Bai miƙa wa Baba hannu ba, ya dai riƙa tsayawa kamar yana gyara takalmi duk lokacin da ya ji numfashin tsohon ya yi nauyi. A sama, gari ya shimfiɗu a ƙarƙashinsu, hasumiyoyin masallatai da na coci a cakuɗe, can gefe wani kududdufi yana ƙyalli.

"Ramin kuza ne wancan," in ji Baba a hankali. "Kakanka ya yi haƙa a irinsa. Wa ya nuna maka nan?"

"Yawo, Baba."

 Da suka sauko, Baba ya shanye kwanon gwate, ya tauna cinyar kaza har ƙashi, ya miƙa kwanon a ƙara masa ba tare da ya dubi kowa ba. Badruddeen ya juya baya yana goge gilashin keken da ba shi da datti, don kada a ga bakinsa ya ƙi rufuwa.

A hanyar gida Baba ya sa yatsa cikin yagar kujerar, ya auna tsawonta da taƙi.

"Ka kawo wannan gobe in ɗinke. Amma da yamma. Da safe muna da hanya."