Jan Babur a Kan Iyakar Batugade

Jami'in ya buga hatimi a fasfonta, ya turo mata shi ta ƙarƙashin gilashi ba tare da ya ɗago kai ba. Noeleen ta cusa shi a aljihun gaba, ta fito inda ta bar babur ɗinta a rana. Ta gama da Timor ta Gabas ke nan. Saura 'yar gada, sai ƙofar Indonesiya da ake hangowa can gaba da tuta a samanta.

Babur ɗin ƙarami ne, ja, irin wanda ta yi rabin rayuwarta tana raba wasiƙu a kansa a garinsu, Port Pirie. Da ta yi ritaya sai ta sayi tsoho a gwanjo. Ta ɗaure masa tanti da risho da tukunya ɗaya da galan ɗin fetur, ta hau shi daga ƙofar gidanta har Darwin. A can ta sa shi a jirgin ruwa na dakon kaya, ita ta biyo jirgin sama zuwa Dili, babban birnin Timor ta Gabas, ta zauna jiransa a wani ɗaki mai arha da fankarsa ke kuka kamar jariri.

Wani direban babbar mota da ke cikin layi ya diro, yana goge wuya da tawul. Ya zagaye babur ɗin yana dariya.

"Gwaggo, ai wannan na mai kai wasiƙa ne! Ina tawa wasiƙar?"

"A ina ka san shi?"

"Na yi tsinkar lemo a Renmark, can ƙasarku, har bayana ya kusa karyewa. Sunana Abilio. Yanzu da wannan abin za ki Kupang? Akuyar kakata ta fi shi sauri."

"Akuyar kakarka ta taɓa zuwa Darwin da ƙafarta?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya juya yana fassara wa sauran direbobi. Noeleen ta sa hular kwano, ta tayar da babur, ta hau gada a hankali.

Tana tsakiyar gadar wayarta ta fara rawa a ƙirjinta. Ta tsaya a gefe, ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa. 'Yarta ce, Shona.

"Mama, kina ina? Tun safe nake kiran ki."

"Babu sabis a hanyar bakin teku. Lafiya?"

"Baba ya rasu."

A ƙarƙashin gadar kogin ya kusa ƙafewa. Wani baƙin alade yana tonon yashi kusa da wata yagaggiyar leda. Noeleen ta bi shi da ido har ya shige ciyawa.

"Yaushe?"

"Bayan karin kumallo. Yana zaune a kujera, suka zata barci yake."

"To."

"To? Abin da za ki ce ke nan? To?"

"Ina jin ki, Shona."

"Ba kya ji na. Kin tafi yawon duniya a kan babur kamar wata yarinya, kin bar shi ya mutu a hannun baƙi. Na ce miki kar ki tafi. Na faɗa miki ko ban faɗa ba?"

"Kin faɗa."

Shona ta fashe da kuka. Noeleen ta riƙe wayar a kunne tana saurare, tana jira ita ma abin ya taso mata. Babu abin da ya taso. Ta lura dai zufa na gangara mata a baya, kuma madubin hagu ya sake karkacewa.

Mijinta Merv makanikin jirgin ƙasa ne, mutum mai ƙarfi, mai yawan barkwanci. Mantuwa ta fara masa da makulli da sunayen maƙwabta, ta ci gaba har ta kai ga hanyar banɗaki. Shekara da shekaru Noeleen tana yi masa wanka, tana ba shi abinci a baki, tana kwana da makullin gida a ƙarƙashin matashi. Ranar da ya hankaɗe ta a kicin yana ihun ɓarauniya ta shigo masa gida, hannunta ya karye, ranar aka yanke shawarar kai shi gidan kula da tsofaffi. Kullum tana zuwa. Kullum yana gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta ko ita ce sabuwar mai shara. Likita ya ce jikinsa ƙalau yake, zai iya daɗewa ƙwarai a haka. Shi ya sa ta fito da babur.

"Zan dawo," ta ce. "Daga Dili zuwa Darwin ba nisa a jirgi. Bari in juya."

Ta juya babur ɗin a kan gada, ta koma inda ta fito. Jami'in ɗazu ya duba fasfon, ya dube ta, ya yi magana mai tsawo da ba ta gane ba. Abilio na nan yana jiran takardun motarsa, ya matso.

"Gwaggo, kin yi mantuwa ne?"

"Mijina ne ya rasu. Ina so in koma Dili in hau jirgi."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya yi alamar gicciye a ƙirji, ya sunkuya wajen gilashin, suka yi ta magana da jami'in. Jami'in ya tashi ya shiga ciki, ya dawo da babbansa. Babban ya cire hula kafin ya yi magana.

"Ya ce ki yi haƙuri, yana miki gaisuwa," in ji Abilio. "Amma mai irin fasfonki ba ya shigowa ta nan sai da izinin da aka nema tun da wuri. Kin riga kin fita. Ba shi da ikon mayar da ke."

"Ɗazu-ɗazun nan ina ciki."

"Ɗazu ne, Gwaggo."

"To ina zan bi?"

"Gaba. Kupang. Daga can ki hau jirgi zuwa Bali, daga Bali sai gida."

Ta gyaɗa kai, ta yi wa jami'an godiya, ta sake haye gadar.

A ɓangaren Indonesiya ginin sabo ne, ƙasansa na sheƙi. Suka sa ta kwance kayanta kaf a kan tebur: tukunya, taliyar leda, safa da ba ta bushe ba, maganin hawan jini. Wani ya durƙusa da tocila yana duba lambar inji. Wata jami'a matashiya ta tambayi shekarunta, da ta ji sittin da ɗoriya sai ta riƙe baki, ta kira ƙawarta, suka roƙi a yi hoto. Noeleen ta tsaya a tsakiyarsu. Mai ɗauka ya ce a yi murmushi, ta yi. Aka nuna mata hoton, ya yi kyau.

Hanya ta bar teku ta fara hawa tudu. Babur ɗin yana nishi a kowane hawa, tana rage giya, yana ci gaba. Ta wuce 'yan makaranta da fararen riguna suna ɗaga mata hannu, ta wuce rumfunan da ake sayar da fetur a kwalba, ta wuce wani coci da ake fenti. Ta gwada faɗin maganar a cikin hular kwano. Merv ya mutu. Ta sake faɗa da ƙarfi. Ta ji ta kamar tana karanta adireshi a bayan ambulan. Sai tunaninta ya koma kan sarƙar babur da ke neman mai, da ko baƙar rigarta da ke cikin kabad za ta shige ta har yanzu.

Bayan ta wuce Atambua da kaɗan hannuwanta suka fara sagewa, ta tsaya a wata rumfar abinci a bakin titi. Ta ɗaga babur a kan ƙafarsa, ta ɗauko gwangwanin mai, ta tsuguna tana juya taya tana shafa wa sarƙa. Tana cikin haka babbar motar Abilio ta tsaya a bayanta da ƙarar birki.

Bai yi mata wasa ba wannan karon. Ya shiga rumfar, ya yi magana da mai abinci, ya fito ya kama Noeleen a gwiwar hannu ya zaunar da ita a benci. Aka kawo shinkafa da soyayyen kifi da yaji da baƙar gahawa mai sukari. Ta zata ba za ta iya ci ba. Ta cinye tas, har ta tsotse ƙaya.

"Surukina yana da gareji kusa da filin jirgi a Kupang," in ji shi. "Ki bar masa akuyar taki. Ba zai taɓa ta ba, shi ma kunya za ta hana shi hawa."

"Na gode."

"Ko mu ɗora ta a bayan mota, ki zauna a gaba ki huta."

"Gara ina tuƙi."

Ya dube ta na ɗan lokaci. "Da mahaifiyata ta rasu ina can Renmark a kan tsani," ya ce. "Aka kira ni, na ce to, na ƙarasa cika buhun. Na cika wani ma."

Noeleen ta ajiye kofin gahawa. Wayar ta sake rawa.

Muryar Shona ta dishe. Ta ce tana gidan tsofaffin tana haɗa kayansa, mai shirya jana'iza ya ce za a iya jira har Noeleen ta iso. Noeleen ta gaya mata hanyar da za ta bi. Shona ta ce ta ji. A bayan muryarta akwai wani kuka, siriri, ba ya yankewa.

"Wa ke kuka haka?"

"Wa kuwa? Matar nan ce, Dulcie."

Dulcie tsohuwa ce 'yar ƙarama da ke ɗakin da ke kallon na Merv, ita ma mantuwa ce ta kawo ta. Bara ta zauna kusa da shi a falo ta kama hannunsa, ta yanke cewa mijinta ne, shi kuma bai musa ba. Tun daga nan tare suke cin abinci, tare suke kallon tsuntsaye ta taga. Ma'aikatan gidan sun kira Noeleen ofis suna ta ba ta haƙuri, ta ce a ƙyale su. Ta kan zo ta zauna a kujerar da ke fuskantarsu, Merv ya nuna ta ya ce wa Dulcie, "Wannan baiwar Allah tana da kirki."

"Tun safe take bin mutane tana cewa mijinta ya mutu," in ji Shona. "Mijinta, Mama! Hannunsa na cikin nata lokacin da ya cika. Yanzu ta ƙanƙame shuɗiyar rigar sanyinsa ta ƙi saki. Wallahi zan ƙwace."

"Bar mata."

"Rigar Baba ce. Ke kika saƙa ta."

"Na sani. Bar mata. Akwai wanda ke zaune da ita?"

"Yaranta suna Perth. Ma'aikata kuma aiki ya yi musu yawa."

"Ba ta wayar."

"Mama, don Allah."

"Ba ta, Shona."

Aka ji takun ƙafa, sai kukan ya matso kusa. Noeleen ta toshe ɗaya kunnen saboda ƙarar motoci.

"Dulcie? Noeleen ce."

"Wa?"

"Noeleen. Na kan zo in zauna da ku a falo."

"Mijina ya mutu," in ji tsohuwar.

"Na ji. Shi ya sa na kira. Sannu, Dulcie. Ki yi haƙuri."

"Yana shan shayi fa. Na ce masa ya yi zafi, ka jira. Ba ya jin magana."

"Bai taɓa ji ba."

"Kin san shi ne?"

Noeleen ta dubi ƙayar kifin da ke cikin faranti. "Na san shi," ta ce. "Da can."

"Mutumin kirki ne, ko?"

"Ƙwarai."

"Sunansa ya ɓace mini. Kar ki gaya wa kowa. Tun ɗazu nake nema, ya ɓace."

"Merv."

"Merv," Dulcie ta maimaita a hankali, kukan ya ɗan lafa. "Haka ne. Merv. Za ki zo coci ranar? Ba na so in zauna a gaba ni kaɗai, mutane suna kallo na."

"Zan zo. Ina hanya, da ɗan nisa. Ki ajiye mini wuri kusa da ke."

"To. Ki zo da wuri."

Shona ta karɓi wayar. 

"Ki yi tuƙi a hankali, Mama," ta ce, ta kashe.

Noeleen ta mayar da gwangwanin mai cikin jaka, ta ɗaure. Ta sauke babur daga ƙafarsa, ta hau, ta sa hular kwano. Da ta zo ɗaura igiyar a ƙarƙashin haɓa sai yatsunta suka ƙi. Ta gwada, bakin igiyar ya kuɓuce. Ta sake gwadawa, sai hawaye suka cika mata ido, titin ya fara yi mata dishi-dishi.

Abilio ya juya baya, ya tafi yana bubbuga tayoyin motarsa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ya riga ya duba. Bai waiwayo ba sai da ya ji injin ya tashi. Ya bar ta ta yi gaba, sannan ya hau mota ya biyo ta daga nesa, a hankali, motocin da ke bayansa suna ta danna masa oda.